Hansai da Tukunyar Gashi

Mutanen Unguwar Kanawa da suka san Hansai a tsufanta, abin da za su gaya maka a kanta bai wuce biyu ba: man gyaɗarta ba ya ɗaci, kuma ba ta da magana. Duka gaskiya ne. Amma ni da na zauna gidan haya ɗaya da ita tun muna da ƙuruciya, ƙofar ɗakina na kallon tata, na san rashin maganar nan ba haihuwarta aka yi da shi ba. Koya mata aka yi, ta kuwa iya fiye da masu koyarwar.

Sunana Balaraba. Maigidana akawu ne, aiki ya kawo mu Kaduna daga Zariya a 1953, muka tarar da su Hansai a gidan. Ita 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Ɗambatta, siririya, mai saurin hannu, in tana matsar gyaɗa sai ka rantse gardi ne ke aikin. Mijinta Rabe direban babbar motar gwamnati ne, yau yana gari gobe ba ya nan. Tare suke da uwarsa, wadda kowa a gidan ke kira Iya. Sai yaransu: Isma'ila, da ƙannensa mata biyu.

Na ce yaransu, amma Isma'ila ɗan fari ne, saboda haka na Iya ne. Tun ranar yaye ta ɗauke shi, a ɗakinta yake kwana, a kwanonta yake ci, ba ta kiransa sai da "maigidana". Mu ma duk mun yi kunyar ɗan fari, ban ce ba mu yi ba, amma tamu ta birni ce, ana yi ana sata. Ta Hansai kuwa ta ƙauye ce marar gauraye. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa in da mutane, in ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "yaron Iya". Nakan tsokane ta in ce, "Ke Hansai, ko tsinto shi aka yi a tashar jirgi?" Sai ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta.

Wata damina ce, yaron yana da kamar shekara bakwai, ciwon ciki ya kama shi. Amai ba tsayawa, ciki ya ɗaure tamau. Iya ta ba shi jiƙo, ta karɓo rubutu, abu sai gaba yake. Allah ya sa Rabe na gari, ya sa shi a mota ya kai babban asibiti. Likita ya ce hanji ne ya murɗe, sai an tsaga. A zamanin nan in aka ce za a tsaga cikin mutum, mata salati suke farawa, wasu har su soma yi wa masu gida ta'aziyya da ido. Ranar Hansai ta share tsakar gida har ƙasa ta yi santsi, ta sake sharewa, ba ta tambayi kowa kome ba.

Yaro dai ya tashi daga aikin. Aka riƙe shi a can har ya fara shan kunu, sannan aka sallamo shi, ya rame kamar kara, da farin bandeji naɗe a ciki. Rabe ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, don shi ma ba zai iya fuskantar matarsa da maganar ɗan fari a gaban uwarsa ba. Ya ce malamin asibiti ya ja masa kunne: kada ruwa ya taɓa wurin, kada a kwance bandejin, abinci sai mai ruwa-ruwa, za a koma a cire zare, in kuwa jiki ya yi zafi a garzayo da shi.

Iya ta ce, "To, mun ji. Allah ya ƙara sauƙi."

Kashegari aka tura Rabe rangadi can wajen Yola. Ba waya, ba hanyar aike, sai ranar da Allah ya dawo da shi.

Kada wani ya ɗauka Iya muguwa ce. Wallahi da za a ce ta ba da idonta yaron nan ya warke, da ta ƙwaƙule da hannunta. Sai dai 'yar gidan wanzamai ce. Ta tashi tana ganin kaciya da ƙaho da sakiya, ta yi wa matan da ba su ƙirguwa wankan jego, kuma duk abin da ta gani a rayuwarta ya koya mata abu guda: wurin da ƙarfe ya shiga, in ba a gasa shi da ruwan zafi ba, jini zai kwanta ya ruɓe. Ƙurar motar ɗanta ba ta gama kwantawa ba ta leƙo daga ɗaki.

"Hansai, ɗora ruwa. Ya tafasa sosai."

Ina bakin murhuna na ga Hansai ta tsaya cik da ludayi a hannu. Ta ji abin da mijinta ya faɗa jiya, duk mun ji. Me za ta ce? Suruka ce ke magana, kuma a kan ɗan da ba ta da bakin magana a kansa. Ta ɗauki tukunya ta nufi randa.

Ita ta hura wutar. Ita ta juye ruwan a ƙwarya, ta kai har bakin ƙofar Iya, ta durƙusa ta ajiye, ta dawo. Can sai muka ji ihun yaron. Ban taɓa jin irin ihun nan ba, ba kuma na fata in sake ji. Iya kuwa tana lallashi, "Yi haƙuri maigidana, zafin nan shi ne maganin." Hansai ta zauna gaban turmi tana ɓarar gyaɗa, tana jefa ƙwayar a shara, ɓawon a kwano, ba ta ma sani ba.

Ni bakina ba ya riƙe magana, kowa ya sani. Da Iya ta fito na tare ta, na gaishe ta, na ce, "Iya, ashe ba cewa aka yi kada ruwa ya taɓa ba?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Bature ya iya yanka, 'yar nan, bai iya jinya ba. Ya ɗinke yaro ya rufe jini a ciki, ya ce a zuba ido. Ke nawa kika yi jinya? Uwar da ta haife shi ma ba ta ce kome ba, sai ke?"

Nan ta kashe bakina. Uwar da ta haife shi ba ta ce kome ba.

Na koma kan Hansai a madafa, raina a ɓace. Na ce, "Ke kurma ce? Ki yi magana mana!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In ce me, Balaraba? In ce Iya ba ta iya riƙon jikanta ba? Ko in ce ina jin tausayinsa?" Ta faɗi kalmar tausayin nan a hankali kamar wadda ke faɗin abin kunya.

Haka aka shiga yi, safe da yamma. Hansai ta gwada 'yan dabarunta na marar baki. Ta sirka ruwan da na sanyi, Iya ta tsoma yatsa ta ce a mayar kan wuta. Ta bar itace a waje ruwan sama ya jiƙa shi, Iya ta aika aka aro busasshe a maƙwabta. Wata safiya tukunyar ta suɓuce mata ta fashe, ita da ko cokali ban taɓa ganin ya faɗi daga hannunta ba. Iya ta ce, "Allah ya mayar da alheri," ta fito da tata tukunyar daga ƙarƙashin gado. Na gaya wa maigidana, ya ce ba ya shiga tsakanin tsohuwa da jikanta a gidan da mai gidan ba ya nan, amma in Rabe ya dawo zai yi masa magana. In ya dawo! Maza ke nan.

Abin da ya fi tsorata ni ba ihun ba ne, raguwarsa ce. Kullum sai ya yi ƙasa. Ya koma kuka, kukan ya koma nishi. Iya ta ce ai ga shi nan ciwo ya fara sakinsa. Ni kuwa in na gilma ta ƙofar ɗakin sai in ji wani wari da ba na ɗakin tsohuwa ba ne. Kunun da ake kai masa yana dawowa yadda aka kai shi. Na daina iya cin abinci sosai. In na dubi nawa 'ya'yan suna wasa sai gabana ya faɗi ba dalili.

Duk wannan lokacin Hansai ba ta ga ciwon da idonta ba. Ba ta shiga ɗakin ba ko sau ɗaya. Labarin ɗanta a wurin wanki take samu, don ita ke wanke tsummokaran gashin. Wata rana da hantsi ta yafito ni zuwa bayan rijiya, ta buɗe wani tsumma ta nuna mini. Mugunya ce, rawaya-rawaya, da jirwayen jini, har da ɗan guntun baƙin zare a manne.

Ta ce, "Balaraba, zaren nan na meye?"

Ta san amsar, so take wani ya faɗa. Na ce, "Na ɗinkin ne."

Ta ninke tsumman ta ajiye a gefe, ba ta wanke shi ba.

Bayan azahar Iya ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta gaisuwar rasuwa. Ta bar sallahu a ɗora ruwan yamma kafin ta dawo. Ina zaune ina tsefe kan 'yata na ga Hansai ta miƙe, ta wuce murhu, ta tsaya a ƙofar ɗakin Iya. Ta waiga ta dube ni. Na sunkuyar da kai na yi kamar ban gani ba, wannan kaɗai zan iya yi mata. Ta ɗaga labule ta shiga.

Ba a jima ba ta kira ni, da wata murya da ban san tana da ita ba. Na shiga na ga abin da har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Fatar cikin ta yi ja ta sale saboda zafin ruwa, ɗinkin ya buɗe daga ƙasa, ruwa na tsatsafowa. Jikin yaron kamar garwashi. Idonsa a buɗe amma ba mu yake kallo ba, leɓɓansa sun tsage. Na ce, "Innalillahi."

Hansai ta kwance ɗankwalinta ta rufe wurin. Ta juya za ta goya shi, sai ta tuna ciwon a ciki yake, goyo zai danne shi. Sannan ta sa hannu biyu ta tallabo shi kamar jariri, kansa a kafaɗarta, ta rungume shi a ƙirji. Tun yaye hannunta bai riƙe shi ba.

A zaure muka yi kiciɓis da Iya tana dawowa, da wasu mata biyu na unguwa a bayanta.

"Ina za ki da shi?"

Hansai ta rusuna da yaron a hannu. "Asibiti, Iya."

"Da izinin wa? Mijinki ba ya gari. Ajiye mini maigidana, iska za ta shiga ciwon."

"Iya, ki yi haƙuri."

"Ke Hansai! Ɗan fari? A ƙirji? Kai ba ɗankwali, a gaban mutane? Haka aka koya miki a gidanku?"

Matan nan biyu sun riƙe haɓa. Na ga gumi na bin wuyan Hansai, na ce a raina shi ke nan, za ta mayar da shi. Sai ta miƙe tsaye.

"Ba haka aka koya mini ba, Iya. Ki ba ni hanya."

Ban san ko muryar ce ko warin ne ya kai ga tsohuwar ba. Ta matsa gefe. Na fizgi mayafina na yafa wa Hansai, na bi ta ba takalmi. Matar da ba ta taɓa fita da rana ba, ga ta tana ratsa unguwa, maza a bakin masallaci suna bin ta da kallo, yara sun daina wasa. Ba ta ga kowa ba. Duk bayan 'yan taku sai ta kara kuncinta a bakinsa ta ji ko yana numfashi. Mun kai babban titi muna tafiya, wata motar yashi ta tsaya, direban ya dubi yaron sau ɗaya ya ce mu hau.

A asibiti da aka tambayi sunan yaro ni na faɗa, don na san ko a can ba za ta iya ba. Malamin asibitin da ya karɓe mu, Malam Idris, ashe ɗan unguwarmu ne. Da ya ɗaga ɗankwalin ya gani, fuskarsa ta sauya.

"Wa ya sa masa ruwa?"

Na buɗe baki zan zazzage kome, Hansai ta riga ni.

"Ni na dafa."

Ya yi mata faɗa kamar zai ari baki. Ya ce wace irin uwa ce wannan, an gaya muku da Hausa ba da Turanci ba, kin dafa ɗanki kamar kaza. Ta tsaya kai a ƙasa ta shanye duka. Ni kuwa kamar in fashe. Har muka bar wurin ba ta ambaci Iya ba, ba ta kuma bari na ambata ba.

Likita ya zo, aka shiga da yaron, aka wanke wurin, aka matse mugunyar, aka yi masa allura. Suka ce ba za a sake ɗinkewa ba, a buɗe za a bar shi ya cike daga ciki. Ɗakin yara kuwa cike yake da masu ƙyanda, in aka kwantar da shi a can ya ɗauka, ba zai kai labari ba. Saboda haka gida za mu koma, Malam Idris zai riƙa biyowa a kan kekensa yana yi masa allura kafin ya wuce aiki. Na tambaye shi a gefe ko yaron zai tashi. Ya ce, "In zazzaɓin ya sauka. In bai sauka ba, ciwon ya shiga ciki ke nan."

Da muka dawo Hansai ba ta nufi ɗakin Iya da shi ba. Ɗakinta ta shiga, ta kwantar da shi a gadonta. Iya na zaune a gindin bango da carbi, ta bi su da ido. Ta kira ni ta ce, "Me suka ce?" Na gaya mata duka, ban rage ba, ban kuma sa zuma ba. Na zaci za ta yi gardama. Sai ta ce, "Ni da hannuna?" Daga ranar ta daina cin abinci sai ruwa, ta kuma kasa taka ƙofar ɗakin. Haushin da nake ji nata sai ya koma tausayi, abin da ban so ba.

Malam Idris ya nuna wa Hansai yadda za ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta cire tsohuwar auduga, ta goge gefen ciwon da magani, ta cusa sabuwa a hankali. Ya ce mutum ɗaya ne zai riƙa yi, kada hannaye su yi yawa. Ranar farko da ta yi ita kaɗai, ta gama tsaf, ta fito bayan ɗaki ta yi amai, ta wanke baki ta koma. Ta ajiye sana'ar gyaɗa, 'yan matanta suka dawo wurina. Tana ɗiga masa kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo. Tana jiƙa tsumma da ruwan randa ta ɗora masa a goshi, ya bushe ta sake. Yana sambatu, wani lokaci jikinsa ya ɗauki rawa har gadon na motsi. Duk safiya in na fito, kunnena nake fara kasawa kafin in dubi ɗakinta, ina tsoron abin da zan ji. Masu zuwa dubiya sukan tsaya a tsakar gida su yi ƙus-ƙus, rabi na ciwon, rabi na matar da ta zubar da kunya. Ɗaya ta ce a kunnena wai Kaduna ke lalata 'yan ƙauye. Na nuna mata hanyar zaure.

Ranar wata Alhamis da hantsi na shiga kai mata koko, don ita ma ta koma kamar majinyaciya. Na tarar ta ɗora tafin hannu a goshinsa, ta ƙi ɗagawa. Gabana ya yanke ya faɗi, kwanon ya kusa suɓuce mini. Ta ce, "Zo ki taɓa. Ni na kasa ganewa."

Na taɓa. Sanyi, da danshin gumi. Na kai hannu ƙirjinsa na ji yana hawa yana sauka a natse. Matashin kansa ya jiƙe sharkaf. Na ce, "Hansai, ya sauka. Wallahi ya sauka."

Muryata ce ta tashe shi. Ya buɗe ido, wannan karon ido ne mai gani. Ya dubi rufin ɗakin, ya dube ni, sannan ya dubi matar da ke zaune a kansa da hannunta a goshinsa. Ya ɗan janye kai, irin yadda yaro ke yi wa baƙuwa. Ya motsa baki da ƙyar.

"Ina Iya?"

Da ɗana ne da na ja masa kunne, ciwo ko ba ciwo. Na dubi Hansai. Ta ɗauke hannunta a hankali, ta gyara masa zanen rufa, ta miƙe. Ta fita tsakar gida, ta je gaban tsohuwar ta durƙusa.

"Iya, yaronki ya farka. Yana kira."

Iya ta tashi da rarrafe, carbin ya faɗi ba ta waiwaye shi ba, ta shiga ɗakin tana kuka tana kiran maigidanta. Hansai ta yunƙura za ta miƙe ta kasa. Na kama ta. Ta riƙe hannuna gam, ta ce, "Kin ji muryarsa, Balaraba? Ya yi magana."